Bel Ɗin Gashin Mara Mai Caji: Abin Da Ya Yi Mini Da Inda Ya Gaza

Bel ɗin nan na gashin mara da ake ta tallarsa a Instagram da TikTok da shafukan masu sayar da kayan mata yana rage ciwo. Gara in faɗi wannan tun farko, don na san cikin masu karantawa akwai wadda mararta ke murɗa mata yanzu haka, ba ta da haƙurin doguwar shimfiɗa. Yana ragewa, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma ƙirarsa ta nuna mini cewa waɗanda suka tsara shi ba su zauna da mace irina sun tambaye ta yadda yininta yake ba.

Ni malamar Bayoloji ce a wata makarantar 'yan mata ta kwana a jihar Kano, kuma tun ina ƙaramar sakandare nake fama da ciwon mara. Nawa yakan fara taɓa ni tun ana gobe al'ada za ta zo, ya tsananta a ranar farko, ya sauka ƙugu da cinyoyi, wani watan har da amai. Na sayi bel ɗin a hannun wata mai saro kaya daga Sin, naira 18,000 har da kuɗin kawowa. Na fara sa shi da hunturu, na ratsa bazara da damina da shi, saboda haka na ga halinsa a kowane yanayi.

Wani ɗan faranti ne na roba mai lanƙwasa, ya ɗan fi tafin hannu tsawo. Gefen da ke taɓa jiki an lulluɓe shi da yadi mai laushi, a ƙarƙashin yadin ne abin da ke yin zafi yake. Yana da igiya mai talewa da ake zagayo ƙugu da ita a maƙale. Madannai biyu ne a jikinsa, ɗaya na zafi ɗaya na jijjiga, sai ɗan allo da ke nuna lamba. Nawa matakin zafi uku gare shi: 45 da 55 da 65 a ma'aunin salshiyas. Cajarsa irin ta waya ce. Za ki gan shi da sunaye iri-iri a kasuwa, kwali daban, launi daban, amma in kika jera su za ki ga kusan duk ƙira ɗaya ce.

Gashin mara ba sabon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun gasa mana da tsumma da ruwan zafi, wasu da kwalbar da aka cika aka naɗe da zani. Kuma ilimin jiki ya gaskata su. Idan wata ya zagayo ba a samu ciki ba, shimfiɗar da mahaifa ta yi a bangonta takan fara saɓulewa, a nan ne take sakin wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Su ne ke sa tsokar mahaifa ta riƙa matsewa don ta fitar da abin da ke ciki. Macen da jikinta ke sakin su da yawa, matsewar takan yi ƙarfi har ta shaƙe ƙananan hanyoyin jini, tsokar ta rasa isasshiyar iska, ciwo ya taso. Sinadaran nan in suka shiga jini su ne ke kawo tashin zuciya da gudawa da ciwon kai da wasunmu ke yi a ranar farko. Ɗumi yana sassauta tsoka, yana buɗe hanyoyin jini, sannan saƙon ɗumin da fata ke aikawa yana danne saƙon ciwo. A 2006 wani masani a Jami'ar UCL ta Landan, Dakta Brian King, ya bayyana cewa ɗumin da ya ɗan haura digiri 40 a kan fata yana tayar da masu jin zafi na jiki, su kuma su toshe aikin masu isar da saƙon ciwo.

To ga inda ni da bel ɗin muka fara saɓawa, kuma a nan nake so in daɗe. Binciken da aka fi kafa hujja da shi kan amfanin ɗumi ga ciwon mara an wallafa shi a Amurka a 2001, ƙarƙashin jagorancin Dakta Mark Akin. An manna wa mata wata filasta mai ɗumi a mara, ɗuminta wajen digiri 39 kawai, suna yini da ita awa 12 a rana. Sakamakon ya nuna ta rage ciwo daidai da yadda ƙwayar aibufurofen ke ragewa, kuma waɗanda suka haɗa filastar da ƙwayar sun fi saurin samun sauƙi. Ki lura da lambobin nan biyu: digiri 39, awa 12. Ɗumi ne kaɗan, na dogon lokaci. Bel ɗina kuwa mafi ƙarancin zafinsa 45 ne, kuma a wannan matakin batirinsa wajen awa biyu yake yi. In na kai shi 65 ba ya cika awa guda. Ke nan an ba mu zafi mai yawa na ɗan lokaci, alhali abin da mara ke so shi ne ɗumi sassauƙa da zai raka ta daga safe zuwa yamma. Ciwon ranar farko ba ya tafiya cikin awa biyu. Nakan sa shi bayan taron safe, kafin a fita tara ya mutu, ni kuma ga sauran darasi uku a gabana.

Na fahimci dalilin masu ƙira. Mai saye in ta danna a shago ta ji ya yi zafi cikin daƙiƙoƙi sai ta ce lallai wannan yana aiki. Lamba 65 a jikin kwali ta fi 40 jan ido. Amma fatar mara ba ta da kauri. Tun 1947 wasu masana biyu, Moritz da Henriques, suka nuna cewa zafin digiri 44 ma in ya daɗe a kan fata kamar awa shida yana ƙona ta, kuma duk digirin da aka ƙara, lokacin ƙunar raguwa yake yi sosai. Akwai kuma wani tabo da ke fitowa in ana yawan gasa wuri ɗaya: fatar ta yi duhu, ta yi zane-zane ja da baƙi, wani lokaci ta ɗauki watanni ba ta koma daidai ba. Tsofaffin da ke kwana kusa da kaskon wuta da hunturu sun san shi a ƙwaurinsu. Saboda haka ban taɓa ɗora shi a kan fata kai tsaye ba, kullum a saman shimi, kuma matakin farko kaɗai nake amfani da shi. Sauran biyun a wurina ba su da amfani. Da an cire su an sa 40 a madadinsu, da batirin ya ninka daɗewa. Mai ciwon suga da jijiyoyinta suka fara rage ji, ita kam ta yi hattara ƙwarai, don tana iya ƙonewa ba ta sani ba.

Yana kashe kansa bayan kamar rabin awa. Da dare wannan alheri ne, don barci kan ɗauke mutum da zarar ciwo ya lafa. Da rana kuwa matsala ce: ina tsaye gaban allo, sai in ji ɗumin ya ɗauke, dole in zura hannu ƙarƙashin hijabi in laluba madanni. Ya kamata a ce akwai zaɓi biyu, na barci da na aiki.

Sai jijjiga. Masu talla suna kiranta tausa. Ni dai ban ji ta ƙara mini komai ba, a ranar da nake jin tashin zuciya ma ƙara dama mini ciki take yi. Ga ƙara kamar injin aski, a ofishin malamai duk wanda ke kusa zai ji. Ga ta da shan batir. Wata abokiyar aikina da na ara mata ta ce ita tana jin daɗinta in ta juya bel ɗin zuwa baya, to wataƙila jiki ne ya bambanta.

Maganar juya shi baya ta kawo ni wani gibi. Da yawanmu ciwon a gaba da baya yake, mara da ƙugu a tare. Farantin ɗaya ne, dole ki zaɓa. Bel ɗin da aka yi don ciwon al'ada ya kamata ya zo da wurin ɗumi biyu.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ke sa mace ta ajiye abu a durowa ta daina ɗauka. Allon lambar yana haske, in rigarki ba ta da kauri ana hango shi, musamman da dare. Farantin yana da tudu: a ƙarƙashin abaya ko babban hijabi ya ɓuya, amma a ɗinkin atamfa na riga da siket ba yadda za ki yi da shi. In zani kika ɗaura, daidai inda ɗaurin ke zama nan bel ɗin ke zama, sai su riƙa takura juna. Igiyarsa an auna ta da ƙugun da ba irin namu ba. Yayata, mai 'ya'ya huɗu, sai da tela ta ƙara mata yadi kafin ta iya maƙala shi. Yadin cikinsa ba ya cirewa, ba halin wankewa, sai dai a goge da ɗanyen tsumma. Da hunturu ba damuwa. Amma a watan Afrilu a Kano, ana zafin da ya haura digiri 40, ki ɗaura roba mai zafi a ciki, gumi zai jiƙe yadin, ƙurajen zafi su feso miki a layin igiyar. Da an yi masa riga ta auduga mai cirewa, guda biyu, da an gama da wannan. Takardar bayanin da ke cikin kwalin kuma da Sinanci ce da Turancin da ko ni sai na maimaita nake ganewa, ba ta faɗi komai kan ƙuna ba. Launinsa ruwan hoda ne da ɗan zanen fuskar mage, abin da ya fi dacewa da kayan wasan yara, alhali mai sa shi tana iya zama uwa ko shugabar ma'aikata.

Batun caji kuwa sai wanda ya zauna inda wuta ke zuwa da tsakar dare ta tafi kafin asuba zai gane. Nawa ba ya aiki yana jikin caji, ke nan ko kina da fawa bank sai kin cire shi kin jira ya cika. Ta fuskar kariya hakan daidai ne, bai kamata a ɗaura batir yana caji a jikin mutum ba. Amma mafita a bayyane take: batir mai cirewa, guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Kuma in kika ga farantin ya fara kumbura ko yana wari, ki rabu da shi nan take.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A jikin kwalin an rubuta cewa yana kwantar da hankali, yana yaye damuwar lokacin al'ada, ga hoton wata tana murmushi da kofin shayi. Wannan alƙawari ne babba, kuma an yi shi ga mata masu buƙatarsa da gaske. Duk wadda ta san ƙuncin nan ta san lokacinsa daban ne da na ciwo. Yakan zo mako guda ko fiye kafin jini: saurin fushi, kuka ba dalili, nauyin zuciya, rashin barci, jin cewa kowa ya gaji da ke. Da jini ya fara zuwa, cikin 'yan kwanaki sai ya yaye. Bel kuwa sai ciwo ya fara ake ɗaura shi. Lokacin da zuciya ta fi buƙatar taimako, yana cikin durowa. Sauyin sinadaran jiki bayan fitar ƙwai ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, gasa mara ba ya kai wa can.

Ga yawancin mata abin yakan tsaya a ɗan ɓacin rai da kasala. Amma akwai kaɗan daga cikinmu da nasu ke kai wa ga rushe zaman aure da karatu da aiki, har wata ta riƙa jin ta gaji da rayuwa, sannan bayan mako ta dawo daidai tana mamakin kanta. Wannan cuta ce mai suna, likitoci na kiranta PMDD. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta a kundinta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a sabon kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022. Tana da magani a hannun likita. Hanyar gane ta kuma ba ta buƙatar batir: ki samu littafi, kullum ki rubuta yadda zuciyarki take da ranar da jini ya zo, wata biyu a jere, ki kai wa likita. Ni littafin nan ya fi komai taimaka mini, ko da yake nawa bai kai wancan matakin ba. Da na ga a rubuce cewa ranakun da nake jin duniya ta yi mini ƙunci kusan ranaku ɗaya ne kowane wata, sai na daina ɗaukar kowane tunanin ranar a matsayin gaskiya. Na kuma gaya wa maigida, ya san makon, ya rage tambayar me aka yi mini. Wadda kuwa tunanin cutar da kanta ke zo mata, kada ta jira wata biyu, ta faɗa wa wani na kusa yau, a kai ta asibiti.

Akwai wani ɓangare na wannan ƙunci da babu kamfanin waje da zai san shi. Mace ta saba in ranta ya ɓaci ta yi alwala ta hau sallaya. A kwanakin da jiki ke ciwo tana fashin salla, in Ramadan ne ma tana kallon kowa na azumi da tarawihi. Wannan kewa ce ta gaske, na sha ganinta a idon ɗalibaina. Nakan tuna musu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, al'ada ta zo mata a Sarif a hanyar aikin Hajji, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya same ta tana kuka, ya rarrashe ta da cewa wannan abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata. Bai yi mata faɗa don ta yi kuka ba. Zikiri da addu'a da sauraron karatu duk a buɗe suke.

Duk da haka ba zan ce bel ɗin bai taɓa zuciyata ko kaɗan ba. Fargabar ranar farko ta ragu. A da tun ana saura kwanaki nake lissafin yadda zan yi da aji in ta faɗo ranar aiki. Yanzu na san akwai abin da zan ɗaura in fita, in tsaya cikin mutane maimakon in kwanta a ɗaki ni kaɗai. Robar ruwan zafi ba ta ba ni wannan ba, don da ita dole a kwance ko a zaune. Wannan shi ne ainihin abin da na saya da kuɗina, kuma shi ya kamata su rubuta a kwali.

Game da sauran hanyoyi, robar ruwan zafi har yanzu ta fi shi daɗewa da ɗumi in an naɗe ta da tawul, ta fi shi rufe wuri mai faɗi, ta fi shi araha nesa ba kusa ba. Sharaɗinta kada a zuba tafasasshen ruwa, a cika kashi biyu cikin uku, a matse iskar kafin a rufe, a sauya ta in robar ta fara tsagewa. Filastar ɗumi da ake mannawa a jikin kamfai ita ce ta fi kusa da abin da aka gwada a binciken 2001. Garin ƙarfe ne da gawayi da gishiri a ciki, da iska ta shiga sai ya fara ɗumi, yakan kai awa takwas, ba ƙara ba haske ba caji. Aibinta sau ɗaya ake amfani da ita, kuɗi ne kowane wata, kuma ba kowane kemis ke da ita ba. Akwai kuma na'urorin TENS, irin su Livia da ta fito a 2016, masu aika ɗan motsin lantarki ta fata don su danne saƙon ciwo. Su wata hanya ce daban da gashi, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin albashin malamar makaranta.

Bel ɗin bai raba ni da magani gaba ɗaya ba, ya dai rage yawan wanda nake sha. Magungunan dangin aibufurofen suna hana jiki yin furostagilandin ne, shi ya sa suka fi aiki in an sha da alamar farko, bayan an ci abinci, ba sai ciwo ya kwantar da mutum ba. Ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, wasu masu asma ma suna tayar musu. Ina so in ja hankali kan Felvin, wanda 'yan mata ke miƙa wa juna a ɗakin kwana ba tare da tambayar kowa ba. Sinadarinsa firoksikam ne, kuma tun 2007 hukumar magunguna ta Turai ta ce a daina amfani da firoksikam don ciwon ɗan lokaci, saboda haɗarinsa ga ciki da fata ya fi na 'yan'uwansa. Ki tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya zaɓa miki wanda ya dace da ke. Shayin citta kuma, wanda iyayenmu ba su taɓa rainawa ba, gwaje-gwaje da dama sun nuna yana rage ciwon in an sha a kwanakin farko.

Abin da nake tsoro da duk wani abu mai rage ciwo shi ne ya rufe wata cuta. Mun saba jin "ki yi haƙuri, in kin yi aure kin haihu zai daina". Ga wasu hakan na faruwa, ciwon kan ragu da shekaru da haihuwa. Amma in ciwon ƙaruwa yake yi shekara bayan shekara, ko ya fara miki da girma alhali da ba kya yi, ko yana zuwa ba lokacin al'ada ba, ko lokacin saduwa ko bayan gida, ko jinin ya yi yawa da gudaji, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, to wannan aikin likitan mata ne. Yana iya zama ƙarin mahaifa, ko ciwon sanyi da ya hau sama, ko endometiriyosis (wato nama irin shimfiɗar bangon mahaifa ya tsiro a wajen mahaifar), cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, wajen mata miliyan 190 a duniya. Mai zaton tana da ciki kuma kada ta gasa mara sai ta ji daga likita.

Iyaye da dama sun tambaye ni ko su saya wa 'ya'yansu da ke makarantar kwana. Amsata a'a. A ɗakin kwanan ɗalibai ba soket ɗin da yarinya za ta yi caji, makarantu da yawa ma ƙwace kayan lantarki suke yi, kuma 'yar shekara 14 da ciwo ya isa za ta kai shi 65 ta ɗora a fata ta kwanta a kai. Ku sa mata robar ruwan zafi mai riga da ɗan fulas a akwati, ku yi magana da matiron ta riƙa ba ta ruwan zafi daga kicin, ku kuma kai ta likita ya rubuta mata maganin da za ta ajiye a wurin nas ɗin makaranta. Bel ɗin ya fi dacewa da babbar mace mai fita aiki ko kasuwa ko jami'a, wadda ke da inda za ta yi caji. Ita ma kafin ta biya, ta tambayi mai sayarwa mafi ƙarancin zafinsa nawa ne, awa nawa yake yi a wannan matakin, ko rigarsa na cirewa, sannan ta auna igiyar a ƙugunta.